Mai Son Hango Gobe, Ya Duba Farashi

Layin dogo ya iso Kano a 1911, shekara na zagayowa jirgin ƙasa ya fara jigilar kaya gadan-gadan. Turawan da suka dage sai an shimfiɗa shi ba gyaɗa ce a ransu ba, auduga suke hange. Masaƙun Lankasha a Ingila sun gaji da dogaro da audugar Amurka, har suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a 1902, suka ƙyalla ido kan ƙasar Hausa, inda kowane gari ke da masu kaɗi da masu saƙa da marina. A takarda lissafin nasu ba shi da makusa. Ga ƙasa mai kyau, ga manoman da suka gaji auduga kaka da kakanni, abin da ya rage kawai hanyar kai ta bakin teku. Aka kafa injin gurza a Zariya, aka gyara zama ana jiran kaya.

Kaya kam sun zo, sai dai gyaɗa ce. A 1913 kaɗai an fitar da kusan tan 19,000 daga Nijeriya, alhali shekara biyu kafin nan ko tan 2,000 ba a kai ba. Buhuna suka yi tsibi a tashar Kano har jirgi ya kasa kwashewa. Dalilin kuwa a fili yake ga duk wanda ya sauko daga ofis ya shiga kasuwa. Masu saƙa na gida suna sayen auduga da farashin da ya fi wanda Bature ya yanka, to me zai sa manomi ya kai masa? Can a Turai kuma wani masanin sinadarai Bajamushe, Wilhelm Normann, ya gano dabarar daskarar da man tsirrai, masu yin sabulu da man shafa wa burodi suka shiga rububin man gyaɗa, farashi ya tashi. Ga haraji da sai da tsabar kuɗi ake biya. Sannan akwai lissafin da manomi kaɗai ke yi: in shekara ta ɓaci, gyaɗa ana ci, auduga ba a ci. Fataken goro da suka saba da hanyar Gwanja, masu yara da dillalai a ƙauyuka, su suka fara gane inda iska ta kaɗa. Cikinsu Alhassan Dantata ya fito, kuma daga wannan harka dalar gyaɗa ta samo asali. Ayarin raƙuman da ya shafe ƙarnuka yana keta Sahara tsakanin Kano da Gadamus da Tarabulus, wanda dama ya fara ja baya, jirgin ne ya ƙarasa shi, ko da yake ba don haka aka kawo shi ba.

Ina ganin har yau kuskuren Turawan auduga muke maimaitawa duk lokacin da aka zauna hasashen yadda fasaha za ta sauya rayuwarmu nan da shekara ashirin ko talatin. Abin da hukuma ta ƙudurta muke kallo, ko abin da aka ƙaddamar da kiɗa da yanke ƙyalle. Abin da ke juya al'umma kuwa bai cika zuwa da biki ba. Alamarsa a wurina ita ce farashinsa yana sauka shekara bayan shekara ba tsayawa, talaka yana iya sayen ɗan kaɗan daga cikinsa kamar yadda yake sayen ƙullin suga a wurin mai tireda, kuma ba sai ya jira sa hannun wani kafin ya fara mora ba. In abu ya haɗa waɗannan, ko ba a sa shi a kasafin kuɗi ba, yana tafe. Wani zai ce gobe ta Allah ce, kuma haka ne, babu mai da'awar sanin gaibu a nan. Amma mu ne dai muka ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

A duba abubuwan da aka sa mu muka sa wa rai a hukumance. A 1996 Janar Sani Abacha ya kafa kwamitin hangen 2010 ƙarƙashin Cif Ernest Shonekan. Bayansa aka zo da hangen 2020, da alkawarin Nijeriya za ta shiga sahun ƙasashe ashirin mafi ƙarfin arziki a duniya. Kamfanin ƙarfe na Ajakuta tun ƙarshen shekarun 1970 aka fara shi tare da Tarayyar Sobiyet, har yau bai yi aikin da aka gina shi dominsa ba. Wutar Mambila, an haifi mutane sun girma sun aurar da 'ya'ya ana maganarta. A Nijar ma madatsar Kandaji ta sha ɗage-ɗage. Na kusa-kusan nan ita ce eNaira, kuɗin intanet na gwamnati, da aka ƙaddamar a fadar shugaban ƙasa a Oktoban 2021 ana alfaharin mu ne na farko a Afirka. A tambayi mai nama ko mai kayan miya ko an taɓa biyansa da ita.

Wayar salula fa? Kafin 2001 layukan tarho masu aiki a duk faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 120. A Janairun 2001 hukumar sadarwa ta yi gwanjon lasisi, kowanne kan dala miliyan 285, zuwa Agusta Econet da MTN suka fara aiki. Layi kaɗai ya kai naira dubu ashirin ko fiye, kira naira 50 a minti, ko da sallama kawai ka yi ka kashe. Masu cewa kayan masu kuɗi ne ba su yi ƙarya ba, ranar da suke faɗa haka abin yake. Inda farashin ya dosa ne ba su duba ba. Glo ya shigo a 2003 da cajin sakan-sakan, layi ya yi ta araha har ya zama kusan kyauta, wayoyin Sin masu layi biyu da tocila da rediyo suka cika kasuwa, katin naira ɗari ya isa kowane lungu. Yau layukan da ke aiki sun haura miliyan 150. Kuma kada a ce mu kaɗai ke wannan tuntuɓe. A farkon shekarun 1980 kamfanin tarho na Amurka, AT&T, ya nemi ƙwararrun McKinsey su ƙiyasta masa masu wayar hannu zuwa 2000, suka ce kimanin 900,000. Da shekarar ta zo, a Amurka kaɗai sun haura miliyan ɗari.

Yawan layukan ma ba shi ne labarin ba, abin da ya biyo baya ne. Mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya ya naɗe tabarmarsa babu wanda ya kore shi. Mai cajin waya da mai gyara da mai tura fim suka samu abin yi, Kasuwar Farm Centre a Kano ta zama gari guda. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta bi kasuwannin hatsi a Nijar tsakanin 2001 da 2006, ta gano cewa zuwan waya ya rage tazarar farashin gero tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, domin ɗan kasuwa ya daina hawa mota kwana guda don jin nawa ake sayar da tiya. Masu fim a Kano, da suka ginu kan kaset da faifai a Ƙofar Wambai, wayar ce ta kashe musu kasuwa, ita ce kuma ta buɗe musu YouTube da fina-finai masu dogon zango. Da aka shiga ƙuncin canjin takardun naira a farkon 2023, ba kuɗin intanet na gwamnati ne ya ceci mutane ba. Yaro ne da teburi da lema da na'urar POS, da 'yan taransifa da jiran alat. Reshen banki sai an yi gini an ɗauki ma'aikata, shi kuwa mai POS gobe da safe zai iya buɗewa a ƙauyen da banki bai taɓa jin sunansa ba.

Wannan ma'auni yana nuna abin da zai faɗi kamar yadda yake nuna abin da zai tashi. Masaƙar Kaduna ta farko a 1957 ta fara aiki, wasu suka biyo baya a Kakuri da Bompai da Sharaɗa, dubban gidaje suna ci daga nan. Lokacin da suka fara durƙushewa, fasa-ƙwauri muka ɗora wa laifi, kuma akwai shi, ta Maraɗi da Jibiya da sauransu. Amma ɗan fasa-ƙwauri riba yake bi. Tushen abin shi ne kuɗin saƙa yadi ɗaya yana sauka a Sin yana hawa a nan, inda masaƙa ke ƙona baƙin mai da dizal don ta samu wutar kanta. Sin ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya a 2001, aka ɗage ƙayyade kason tufafi a duniya a 2005, a 2007 babbar masaƙar UNTL ta rufe. 'Yan Kantin Kwari da suka fara zirga-zirgar Guangzhou sun karanta wannan tun kafin masu tsara manufa.

Yanzu bakin kowa ƙirƙirarriyar basira. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 ba a taron da za a tashi ba a ambace ta ba, wasu na cewa ta gama da aikin ɗan Adam, wasu na cewa yayi ne. Wani mai nazarin gobe Ba'amurke, Roy Amara, ya lura cewa mutane kan zuzuta tasirin sabuwar fasaha a kusa, su raina shi a nesa, kuma ina jin haka za a yi da wannan. Ba na sa ran ta girgiza ƙasar Hausa ta hanyar rubutu. Mu mutanen kunne ne. Tun 1957 muke manne da Sashen Hausa na BBC, kuma da WhatsApp ya zo, saƙon murya ne ya shigar da tsohuwa da makiyayi da direban tirela, ba rubutu ba. Ranar da na'ura ta iya jin Hausar baka sosai, ta Sakkwato da ta Damagaram da ta Zangon Kumasi, ta kuma mayar da amsa da murya a kan datar naira ɗari, ranar ce labari zai sauya. Mai tambayar maganin tsutsar masara da mai tambayar rabon gado duk wuri ɗaya za su nufa, kuma wanda ya cika na'urar da abin da za ta faɗa zai yi tasirin da babu gidan rediyon da ya taɓa yi. Wannan ya isa a yi masa sharhi na kansa.

Hasashen da ya fi kowanne tabbas ba na na'ura ba ne, na mutane ne, domin waɗanda za su nemi aiki a 2045 an riga an raɗa musu suna. Ƙidayar 2006 ta ce mu miliyan 140 ne, kuma tun daga nan ba a sake ƙirga mu ba. Majalisar Ɗinkin Duniya tana ƙiyasta mun haura miliyan 230, zuwa 2050 kuma kusan miliyan 360, bayan ta rage daga kusan 400 da take faɗa a da. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mace a Arewa maso Yamma na haihuwa 6.6 a matsakaici, ta Legas 3.4. A Nijar kusan rabin al'umma ba su kai shekara 15 ba. Ko haihuwa ta ragu gobe, waɗannan bakunan suna nan, za su ci, za su sha, za su nemi gona ko abin yi. Duk wata fasaha da za ta zo, cikin wannan taro za ta faɗo.

Abin da na fi sa wa ido, wanda nake ganin ya cika sharuɗɗan nan fiye da komai tun bayan waya, shi ne sola. A shekarun 1970 wat ɗaya na farantin sola ya haura dala 70, sai tauraron ɗan Adam da irinsa. Zuwa 2010 ya sauko wajen dala 2. A 2024 ana sayensa daga Sin kan kusan santi 10. Masana sun lura cewa duk lokacin da yawan farantan da aka ƙera a duniya ya ninka, farashi na faɗuwa da kusan kashi 20 cikin ɗari, kuma shekaru arba'in ke nan abin bai saɓa ba. Batirin litiyam ma ya sauka da kusan kashi 90 cikin ɗari daga 2010. Abin dariya, Hukumar Makamashi ta Duniya da ke Faris ta shafe shekaru tana fitar da hasashen cewa kafa sola ya kusa daidaita, kowace shekara gaskiya ta tsere mata, ta gyara, shekara mai zuwa ta sake tsere mata. A 2024 duniya ta kafa kimanin megawat 600,000 na sola. Babban layin wutar Nijeriya kuwa in ya kai megawat 5,000 sai an yi sanarwa. Ko an cire dare da hazon hunturu, tazarar ta wuce misali.

Wanda ke son ganin inda muka dosa ya dubi Pakistan. Ƙasa ce mai jama'a kusan kamar tamu, mai zafin rana, mai ɗauke wuta da tsadar kuɗin wuta. A 2024 ta shigo da farantai na kimanin megawat 17,000, kuma ba wani gagarumin shirin gwamnati ne ya kawo su ba. Masu masana'anta ne da manoma da masu gidaje, kowa ya yi lissafinsa ya saya ya ɗora a rufi. Abin da ya biyo baya shi ne darasin: masu hali suka rage sayen wutar gwamnati, bashin tashoshin da aka gina kuwa yana nan sai an biya, nauyin ya koma kan waɗanda ba su da kuɗin sayen faranti.

Mu ma an kunna mana irin wannan wuta. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura dubu a ƙarshen 2024, ƙaramin janareta ya zama abin kallo. A Afrilun 2024 aka ninka kuɗin wuta fiye da sau uku ga 'yan rukunin A na masu sayen wuta. A Oktoban shekarar, yawancin jihohin Arewa suka kwashe kwanaki cikin duhu bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da faɗuwar wanda ya biyo ta Binuwai. A Nijar, da Nijeriya ta yanke wuta bayan juyin mulkin Yulin 2023, wutar da ita ce kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke sha, tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 ce ta ɗan rage wa Yamai raɗaɗi, kasuwar faranti kuma ta buɗe. Cibiyar bincike ta Ember ta ƙiyasta cewa cikin wata goma sha biyu zuwa Yunin 2025 Nijeriya ta shigo da farantan Sin na kimanin megawat 1,700, ta biyu a Afirka bayan Afirka ta Kudu. Ba sai an karanta rahoto ba ma. A ɗaga kai a dubi rufin masallatai da shagunan caji da na masu ƙanƙara da asibitocin unguwa.

Alherin da ke ciki ba ya bukatar dogon bayani. Tela zai yi ɗinkin sallah ba hayaƙi, allurar rigakafi za ta zauna da sanyinta a ƙauye, tumatirin Kadawa zai iya samun ɗakin sanyi maimakon ya ruɓe a kwando, matasa dubbai za su ci abinci da haɗa waya da gyaran inbata. Arewa, da ta fi kowa nisa da iskar gas da yawancin tashoshin wuta, ita ta fi kowa rana. Karon farko ke nan da wata fasahar makamashi ta zo ta same mu a gaba. Amma ina hasashen kamfanonin rarraba wuta za su shiga irin halin na Pakistan: mai biya da kyau zai fice, a bar su da unguwannin da ake karo-karon gyaran taransifoma, su kuma su ƙara kuɗi, wasu su ƙara ficewa.

Sai dai kayan araha ba ya zaɓen hannu. Babur ya isa misali. Da baburan Sin da Indiya suka yi araha a shekarun 2000, sun kai mai naƙuda asibiti, sun ba dubban matasa acaɓa, sun haɗa ƙauyukan da mota ba ta shiga. Su ne kuma aka hana ɗaukar fasinja da su a Kano a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa tawagar Sarki Ado Bayero, kuma su ne dokin 'yan bindigar daji. A Satumban 2021 sai da aka rufe layukan waya a Zamfara aka hana sayar da fetur a jarka, wato gwamnati tana yaƙi da abubuwa biyu, waya da babur, da shekara ashirin kafin nan kowa ke murnar zuwansu. Da wani ya zauna a 2003 ya tambayi abin da zai faru in babur da waya suka haɗu da dajin da ba hukuma da matasan da ba aiki, da bai bukaci duba ba.

Irin wannan tambaya nake so a yi wa sola tun yanzu, kuma inda amsar ta fi damuna shi ne ruwa. Tun shirin Fadama na farkon shekarun 1990, da aka yaɗa ƙananan rijiyoyin tiyo da injin ban-ruwa mai shan fetur, noman rani ya bunƙasa daga Sakkwato zuwa Haɗeja. Amma akwai birki a jikinsa wanda ba a lura da shi ba: kuɗin mai. Manomi ba ya barin inji yana aiki a banza, domin kowace awa aljihunsa take ci. Injin sola ba shi da wannan birki. Da zarar an biya kuɗinsa, ruwa kyauta ne daga hantsi zuwa la'asar, kuma mai hankali zai faɗaɗa gona, ya ƙara zurfin rijiya, ya koma shuka mai shan ruwa irin shinkafa. Kowane manomi daidai ya yi a lissafinsa. Ruwan ƙarƙashin ƙasa kuwa na kowa ne, kuma a yawancin garuruwanmu mutum na haƙa burtsatse ba tare da ya nemi izinin kowa ba.

An riga an ga wannan a wasu wurare. A Helmand ta Afganistan manoma sun rungumi injin sola cikin 'yan shekaru, suka mayar da hamada gona, ruwan ƙasa ya yi ta nutsewa. A Yemen, da yaƙi ya sa dizal ya yi wuya, haka aka yi, a ƙasar da dama ƙishirwa ke barazana gare ta. Mu ma mun san yadda ruwa ke ƙaura in an taɓa shi a sama: bayan madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992, dausayin Haɗeja da Nguru ya tsuke, masunta da makiyaya da manoman ƙasa suka ji a jikinsu.

Ga kuma inda abin ya haɗu da rikicin da ya riga ya ci mana rayuka. Fadama da rani ita ce madogarar makiyayi. Nan ciyawa ke saura, nan mashaya take. Tsohon tsari shi ne manomi ya kwashe amfanin damina, dabbobi su shigo su ci kara su bar taki. Duk fadamar da ta koma kore da albasa da tumatir da alkama wata goma sha biyu, ta fita daga hannun makiyayi ke nan, kuma burtalin da ke kai wa ga ruwa sai ya bi ta tsakiyar gonar wani. Injin fetur ya fara wannan, na sola zai ƙarasa shi cikin sauri, a daidai lokacin da yawan mutane ke ninkuwa. Ban ce a hana manomi ba, ƙasar da ke da bakuna miliyan ɗari uku a gaba ba ta da zaɓi sai noman rani. Cewa nake rigimar da za a yi a 2035 kan mashaya da zurfin rijiya ana iya ganinta daga nan.

Kada a fahimce ni da cewa hukuma ba ta da amfani. Layin dogo hukuma ce ta shimfiɗa, gwanjon lasisin 2001 ma hukuma ce ta yi, kuma da an yi shi a ɓoye an raba wa 'yan uwa da abokai, da labarin waya ya bambanta. Inda take tuntuɓe shi ne in ta ce ita za ta zaɓi abin da mutane za su so, ko ta tsaya a gaban abin da ke gangarowa. A 2025 an ji wani minista yana maganar hana shigo da farantan sola don a ƙarfafa ƙera su a gida. Niyyar ba laifi, amma Sin ke riƙe da sama da kashi 80 cikin ɗari na wannan sana'a a duniya, kuma masana'antun Jamus da Amurka ma sun kasa jure farashinta. Hani irin wannan ba abin da zai haifar sai tsada ga tela da mai ƙanƙara, da sabuwar hanyar arziki ga masu bi ta kan iyaka, kamar yadda aka gani a atamfa da shinkafa.

Aikin da ke jiran hukuma ya fi wannan sauƙi, ya kuma fi shi rashin armashi, shi ya sa nake tsoron ba za a yi ba. A zaɓi rijiyoyi a kowace fadama a riƙa auna zurfin ruwansu duk wata, a bayyana sakamakon a rediyo yadda ake faɗin farashin hatsi. A zauna da hakimai da sarakunan noma da arɗo-arɗo a shata mashaya da burtali a rubuce, tun filin bai zama gonar da wani ya ci bashi ya kafa wa inji ba. Duk tallafin injin sola da gwamnati ko masu ba da agaji za su bayar, a ɗaura shi da ban-ruwa na ɗigo da iyakar zurfin rijiya. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, to su fara tunanin yadda mai faranti zai sayar wa maƙwabcinsa rarar wuta, da wanda zai kwashe matattun batura kafin yara su fara fasa su a bola.

Dalilin gaggawar shi ne irin wannan doka kafin a saba ake kafa ta. Jihar Punjab ta Indiya ta ba manoma wutar ban-ruwa kyauta a 1997. Rijiyoyi suka yawaita, shinkafa ta mamaye ƙasar da ba tata ba, ruwa ya yi ta yin ƙasa a mafi yawan gundumomin jihar. Gwamnatin da ta janye kyautar a 2002 da kanta ta maido da ita kafin zaɓe ya zagayo, kuma har yau babu jam'iyyar da ke iya taɓa ta. Can ma wutar ta gwamnati ce, tana iya rage awannin da take bayarwa, kuma tana ragewa. Manomin da ya kafa farantinsa a bakin rijiyarsa a Wurno ko Auyo, babu layin da za a yanke masa.